Shayin Rage Tumbi Da Kuɗin Cefane: Lissafin Wata Uwar Adashi A Babban Giji

 Yau rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni har ƙarshe.

Duk wadda take riƙe da waya a Kano ta san tallar da ta cika mana ido a 'yan shekarun nan. Ki buɗe WhatsApp, ki leƙa TikTok ko Facebook, maganar ɗaya ce: shayin rage tumbi, garin narka kitse, man shafa a ciki, bel ɗin ɗaure ƙugu. Za a sa miki hoto biyu, ɗaya mace ce ta cika kujera, ɗayan kuma wai ita ce bayan sati biyu ta koma kamar 'yar sakandare. A ƙasa a rubuta kilo goma cikin kwana goma sha huɗu, ko a mayar miki da kuɗinki. Kwanan nan ma an ƙaro allura, wai irin wadda 'yan fim ɗin Amurka ke yi.

Ni ɗinki nake yi a gida, a nan Babban Giji. Na yi NCE, aiki bai samu ba, na kama keke, kuma alhamdu lillahi. Shekara tara ke nan kuma ina riƙe da adashin matan layinmu. Waɗannan sana'o'i biyu sun sa na san abubuwa biyu game da mata waɗanda ko mazajensu ba su sani ba: na san faɗin ƙugun kowacce, domin ni ke zagaya mata tef, kuma na san nauyin aljihunta, domin ni take kawo wa zubi. Saboda haka maganar da zan yi maganar lissafi ce. Idan mace mai ƙaramin ƙarfi ta ce za ta rage ƙiba, wace hanya ce ke biyan kuɗinta, wace ce kuma ke cinye mata jari?

Bari in fara fayyace wace mace nake nufi. Ina nufin mai suyar awara a ƙofar gida, da mai kitso, da mai wankau, da wadda ke zuwa aikatau gidajen masu hali, da malamar makarantar kuɗi da ake sallama da abin da bai taka kara ya karya ba a ƙarshen wata. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, gwamnatin Kano kuma ta sanar da dubu 71 a watan Oktoban shekarar. To yawancin matan da nake magana a kansu ko wannan ba sa gani, domin ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, kowa ya ga yadda kuɗin adaidaita sahu da na kwanon shinkafa suka yi fiffike. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Macen da ke cikin wannan hali, duk naira dubu ɗaya da ta fita daga hannunta an cire ta ne daga bakin wani: ko cefane, ko kuɗin makarantar yaro, ko jarin waken suya.

Akwai wata baiwar Allah a adashinmu, mai sayar da ɗanwake da rana. Gwiwa ta dame ta, in ta yi sujada sai ta dafa bango take miƙewa. A asibiti aka ce mata ta rage nauyi, aka sallame ta, ba a faɗa mata yadda za ta yi ba. Ranar da kwasarta ta zo sai ta ce min, “Yaya, wannan karon jikina zan yi wa.” Ta sayi shayi wajen wata mai talla a intanet, kwali ɗaya naira dubu 15 na sati biyu. Ta sha kwali uku, dubu 45 ke nan. A satin farko ta zo da murna, siket ya yi mata yawa, in rage mata. Amma kullum tana hanyar banɗaki, jiri yana ɗibarta a gaban tukunya, har kwana biyu ba ta ɗora sanwar sana'a ba. Da kuɗin ya ƙare ta daina sha. Wata biyu bayan nan ta dawo min da siket ɗin nan, in buɗe shi. Da ta koma wa mai shayin, amsar da ta samu ita ce ai ba ta kammala “kos” ɗin ba ne, ta ƙara kwali biyu.

Ku yi lissafin da kanku. Dubu 45 ta fita, cinikin kwana biyu ya tafi, nauyi ya dawo inda yake. Kilo nawa ta saya da kuɗinta? Ko ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin da nake so mu riƙe: kada a tambayi kilo nawa aka sauke a sati biyu, a tambayi kilo nawa ne bai dawo ba bayan shekara, kuma nawa aka kashe a kan kowane ɗaya.

Me ya sa shayin yake aiki da farko? Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta warware min. Da yawa daga cikin irin waɗannan shayin, abin da ke cikinsu ganyen filasko ne ko danginsa, wato maganin wankin ciki da kakanninmu suka sani tun da daɗewa, wanda za ki samu da 'yan canji a wajen masu magani a Kasuwar Kurmi. Wasu kuma ana haɗa su da abin da ke sa yawan fitsari. Abin da ke fita daga jiki ruwa ne da bayan gida. Sikeli zai nuna an ragu, amma kitse yana nan zaune daram. Da kin sha ruwa kin ci abinci, sai ya koma. Yawan gudawa kuma yana zubar da gishirin jiki wanda zuciya ke buƙata, yana kuma wahalar da ƙoda. Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani sinadari mai suna sibutramine, wanda a da likitoci ke rubuta shi don rage ƙiba, an janye shi daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amma har yanzu hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban suna kama shi a ɓoye cikin shayi da kofin rage ƙiba da aka rubuta wa “ganye zalla”. Ki yi tunanin mace mai hawan jinin da ba ta san tana da shi ba ta ɗora wannan a kai. Shi ya sa kwalin da babu lambar NAFDAC a jikinsa, ko aka ƙulle miki gari a leda babu suna babu adireshi, ko kyauta aka ba ki ya yi tsada.

Sai maganar allura. Ita kam gaskiya ce tana aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Maganin sunansa semaglutide, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin sa, ana sayar da shi da sunan Ozempic don masu ciwon suga, da Wegovy don rage ƙiba, wanda Amurka ta amince da shi a 2021. A babban gwajin da aka yi, waɗanda suka yi allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a sati 68. To amma da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo. Ma'ana allura ce ta dogon zango. Lokacin da ta fito, farashinta a Amurka ya haura dala dubu a wata. Ki juya wannan zuwa naira ki gani ko mai awara tana cikin lissafin. Kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabunta a Birazil da Ingila da Amurka. In har a can an samu jabu, wadda aka kawo miki cikin jaka aka ce an yi miki sauƙi, sai dai ki ce Allah ya tsare.

Gidan motsa jiki fa? Akwai su a gari, har da na mata zalla, kuma wadda take da hali ta je, abu ne mai kyau. Amma ga macen da nake magana a kanta, ba kuɗin rajista kaɗai za ta biya ba. Akwai kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, akwai takalmi da kayan sawa, akwai wanda zai riƙe mata yara, akwai izinin maigida, akwai awa biyu da za ta bar sana'a. Na ga mata sun biya kuɗin wata guda sun je sau huɗu. In kika raba kuɗin gida huɗu, kowane zuwa ya fi kuɗin cefanen yini.

Wata za ta ce, to tunda haka ne a bar mu da ƙibarmu mana, talaka da ke neman na tuwo ina ruwansa da tumbi? Nan ne lissafin ya fi zafi. Mu da muke Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi maƙwabtan Asibitin Malam Aminu Kano ne, da ƙafa ma wasunmu ke zuwa dubiya. Duk wadda ta taɓa jinya a ɓangaren masu ciwon suga ko masu ciwon ƙoda ta san abin da nake faɗa. Ƙiba mai yawa, musamman kitsen ciki, tana buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa. Su kuma waɗannan ba baƙin kwana uku ba ne, in sun shigo sun zauna. Magani kullum, gwaji duk wata, ga tsinken awon suga, in abin ya kai ga insulin ga neman inda za a ajiye shi da sanyi a garin da wuta sai ta ga dama. Tun da manyan kamfanonin magani irin su GSK suka sanar da naɗe tabarmarsu daga Najeriya a 2023, ga faɗuwar naira, kowa ya ga yadda farashi ya koma a kemis. In ƙoda ta taɓu, wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so a sati. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa daga dubu 50 zuwa dubu 12 a wasu asibitocinta. Ko a dubu 12 ɗin, sau biyu a sati ya kusa dubu ɗari a wata. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa. Na sha ganin kwasar adashi ta tafi asibiti gaba ɗaya, na ga an sayar da keken ɗinki, na ga an sayar da firjin da ake ƙanƙara da shi. Mai kuɗi in ya kamu da ciwon suga ya samu ciwo ne. Talaka in ya kamu, gidan gaba ɗaya ne ya kwanta.

Kuma abin ba na 'yan tsiraru ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. A da muna ganin ƙiba alamar hutu ce, a ce miji ya iya kiwo. Yanzu talauci ma yana kawo ta. Abin da ya fi araha ya cika ciki shi ne taliya da manja, garin kwaki da suga, gurasa, fanke, shinkafa fara da mai da yaji. Nama da kifi da ƙwai sun zama sai ranar albashi. Ga haihuwa kusa da kusa, nauyin wannan jegon bai sauka ba an shiga wani. Iyayenmu sun yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya, mu kuwa inji ya ɗauke mana, kuma ba na fatan a koma wa waccan wahala. Amma ni da nake wuni a kan keke, da mai kitso da ke wuni a kan kujera 'yar tsuguno, jikinmu ba ya ƙona abin da muke ci.

To mene ne ke biyan kuɗinsa? Wannan tambaya an daɗe da yin bincike a kanta. A Amurka an yi wani babban gwaji a kan mutum fiye da dubu uku da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, yawancinsu mata, aka fitar da sakamako a 2002. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu kuma aka koya musu gyara cin abinci da motsa jiki na minti 150 a sati, da nufin su sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Masu magani haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 31. Masu gyaran ci da tafiya ya ragu da kashi 58. Ku lura da kashi bakwai ɗin nan. Mace mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya kawai ake nema, a cikin watanni, ba kilo goma a sati biyu ba. Daga baya aka ga cewa in aka tara mutane rukuni-rukuni, aka horar da wanda ba likita ba ya riƙa jagorantarsu, kuɗin shirin yana sauka sosai kuma amfanin yana nan, har inshorar tsofaffi ta gwamnatinsu ta fara biyan kuɗinsa a 2018.

Kada a ce ai wannan Amurka ce. A garin Da Qing na ƙasar Sin an fara irin wannan tun 1986, shekara shida ana koya wa mutane gyaran ci da motsa jiki. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, an tarar ciwon suga ya yi jinkirin kama su da kusan shekara huɗu, ciwon zuciya ya yi ƙaranci a cikinsu, kuma sun fi sauran tsawon rai. A Indiya ma an yi, sakamakon ya fito a 2006, haɗarin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, alhali nauyin mutanen bai wani sauka sosai ba. Wato ko sikeli bai motsa yadda kike so ba, tafiyar da kike yi ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Abin da ya ja hankalina a duk waɗannan shi ne kayan aikinsu: taro, awo, tunatarwa, da wani da zai tambaye ki ina kika kwana. Na ce a raina, ai wannan adashi ne. Mu Hausawa mun fi kowa sanin cewa abin da mutum ba zai iya tarawa shi kaɗai ba, in aka haɗu ana jin kunyar juna sai ya taru.

Sai muka gwada. Mu goma sha shida muka fara, kowacce ta ba da dubu uku, muka sayi sikeli ɗaya da na'urar awon hawan jini da littafi. Tef kuwa nawa ne na ɗinki. Duk ranar zubi ana ƙara naira ɗari don batir da ruwan sha. Ƙanwata ta zo sau biyu ta koya mana yadda ake awon jini da yadda ake zagaya tef daidai cibiya. Ta ce ƙugun mace in ya haura santimita 80 a fara lura, in ya haura 88 a tashi tsaye. Muka roƙi shugaban Islamiyyar matan aure da muke zuwa ya bar mana filin makarantar bayan an tashi ranar Asabar da Lahadi, muna zagayawa da hijabanmu minti talatin, muna tafe muna hira. Sauran ranaku, mai zuwa Kasuwar Tarauni ta tafi da ƙafa ta dawo a adaidaita in kaya sun yi nauyi, kuma ana tafiya mutum biyu ko uku, a bar waya a gida, saboda kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwace. Wadda maigidanta bai yarda da fita ba, tana zagaya tsakar gida minti goma sau uku a rana, ta ƙirga shara da wanki a ciki.

Ɓangaren abinci ba mu ce kowa ta sayi wani abu sabo ba, domin tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidan talaka, ba a yi wa uwar gida girki daban. Abin da muka yi ragi ne da musanya. Mai, a daina tuttulawa daga jarka, a auna da cokali. Shinkafa da wake, a ƙara yawan waken a rage shinkafar. Kafin a ci tuwo a fara da kwaɗon zogale ko rama ko yakuwa, ko a yanka gauta da kokwamba, sai malmala ɗaya ta isa inda a da sai biyu. Da damina ganye ya yi araha a 'Yan Kaba, mu haɗa kuɗi a saro mana, a shanya na shanyawa. Sugan shayi da na koko a riƙa janye shi kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Dunƙulen magi a rage, a ƙara daddawa. Lemon roba kuwa mun mayar da shi na ranar biki. Robar nan ta 50cl mai cikakken suga tana ɗauke da kusan cokalin shayi goma sha biyu ko fiye, wato ita kaɗai ta cinye iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini. Zoɓo da kunun aya ma in aka zabga musu suga, sunansu ne kawai na gida.

Bayan shekara guda ga abin da littafinmu ya nuna. Biyar sun bari: ɗaya ta samu ciki muka ce ta tsaya ta bi abin da aka ce mata a wajen awo, ɗaya ta tashi daga unguwa, uku suka gaji. Cikin sha ɗayan da suka rage, yawanci sun sauke tsakanin kilo uku zuwa bakwai, kuma bai dawo ba. Biyu sikeli bai nuna komai ba, amma tef ya nuna. Uku a wajen awonmu aka fara ganin jininsu ya hau, suka je asibiti aka tabbatar, yanzu suna kan magani tun kafin ya kayar da su. Mai ɗanwaken nan kilo biyar ta sauke, kuma tana miƙewa daga sujada ba tare da neman bango ba. Abin da kowacce ta kashe a shekarar, dubu uku na farko da ɗari-ɗari na sati 52, dubu takwas da ɗari biyu ke nan. Ku ajiye shi kusa da dubu 45 na sati shida. Ban ma sa abin da aka samu na ragin mai da suga da kuɗin adaidaita ba. Babu wadda ta koma kamar hoton talla a cikinmu, kuma ba shi muka fita nema ba.

Akwai gargaɗin da dole in yi, domin kada maganata ta zama wata tallar. Ba kowace mace ce ke buƙatar ragewa ba. Binciken nan na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari na mata ramewa ce ke damunsu, fiye da rabi kuma suna da ƙarancin jini. A gida ɗaya sai ki ga uwa da teɓa, ɗanta kuma ya tsumbure. Mai ciki da mai shayarwa kada su hana kansu abinci. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ta sauya cin abincinta sai ta yi magana da likita, domin suga yana iya faɗuwa ya kayar da mutum. Sannan mu tuna ɗaya ɓangaren kasuwar: 'yan matanmu da ke shan “sha ka fashe” don su yi ƙiba kafin biki. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna kumbura fuska, su tada suga da hawan jini. Sau da yawa mai sayar wa 'yar maganin ƙiba ita ce mai sayar wa uwar shayin ramewa. Ta ci riba a hawa, ta ci riba a sauka.

Yanzu ga roƙona ga masu iko. Abin da muka yi da dubu takwas-takwas, hukuma za ta iya yin sa da ƙasa da haka in ta so, domin kayan aikin suna nan. Ƙaramar hukumar Tarauni tana da mazaɓu goma, daga Babban Giji zuwa Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, kuma akwai asibitocin sha-ka-tafi a cikin unguwanni. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Kano tana cikin jihohi biyu, ita da Ogun, da aka fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci. Kuma muna da matan nan da suka bi gida-gida a lokacin yaƙi da shan inna har aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar ta daji a watan Agustan 2020. Sun san kowane lungu, kuma ana buɗe musu ƙofa. Me zai hana a ba su sikeli da tef da na'urar awon jini, a ware rana ɗaya a sati a kowane asibitin unguwa don ajin mata? A 2022 aka fara karɓar harajin naira goma a kan kowace litar lemon zaƙi. Da za a ce wani yanki na kuɗin nan a nan zai sauka, da mun ga amfaninsa da idonmu. Likitocinmu kuma, don Allah in kun ce wa mace ta rage nauyi, ku ƙara mata minti biyu ku faɗa mata ta yaya. In kuka yi shiru, mai shayi ce za ta ba ta amsa.

Mazajenmu, ku ma da naku. Kai ne kake cewa ta yi tumbi, kai ne kuma in miya ba ta yi iyo cikin mai ba sai ka ture kwano. Ka bar ta ta je filin makaranta ta taka, in hali ya yi ka raka ta bayan sallar asuba. Hawan jinin ma bai san jinsi ba.

'Yan uwana mata, kafin ki tura wa kowa kuɗi ki yi wa kanki tambaya uku. In na daina biya, abin zai tsaya ko zai koma? An rubuta abin da ke cikinsa, kuma akwai lambar hukuma? Kuɗin nan daga bakin wa na cire shi? In kina cikin adashi ko Islamiyya ko ƙungiyar unguwa, kin riga kin mallaki abin da ya fi tsada a cikin shirin, wato mutane. Sauran sikeli ne da tef da littafi. Wadda take son ganin yadda muka tsara namu littafin ta yi magana a ƙasa, zan ɗauki hoton shafin da babu sunan kowa in saka. Ma'aikatan lafiya da ke bibiyar shafin nan kuma ku ƙara mana haske.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.